Wa Zai Riƙi Kogi?

Wanda ya fita birnin Kano ta gabas ya bi hanyar Maiduguri, in ya yi tafiyar wajen mil 25 zai iske gada a Wudil, kogi na gudana ƙarƙashinta. Wannan ruwa ba nan ya faro ba. Kogi biyu ne suka gamu kudu da birni kafin su iso Wudil, watau Kogin Kano wanda ya gangaro daga duwatsun kudu, da Kogin Calawa wanda ya biyo ta ƙasar Ƙaraye. Daga Wudil sai ruwan ya karkata arewa maso gabas, ya bi ta gefen ƙasar Gaya da ta Ajingi, ya wuce Ringim, ya kai Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru. Can wajen Gashuwa ya ke gamuwa da Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe, su tafi su zuba cikin Tafkin Cadi. Mutanen Wudil suna ce da shi Kogin Wudil, a taswira an rubuta Kogin Haɗeja, kowane gari kuwa ya kan laƙaba masa sunansa, sai ka ce shi ya haife shi.

Mutanen da ke ci daga wannan kogi ba su ƙidayuwa. Akwai manomin rani mai ɗan fegi a fadama, yana shuka albasa da tumatir da tattasai, wani kuma alkama. Akwai masunci da komarsa da birginsa, da Bafillatani wanda ke gangaro da shanu mashaya da la'asar, da mai fito wanda ke ƙetarar da mutane da buhunansu ran Juma'a don su ci kasuwar Wudil, da samarin da ke loda yashi cikin manyan motoci a kai birni a yi gini. An san Gaya bisa hanyar fatake tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15, sa'ad da aka buɗe hanyar ciniki daga Barno zuwa Gwanja. Ayarin da ya taso daga gabas ya sauka Gaya ba shi da halin ganin ganuwar Kano sai ya ƙetare wannan ruwa. Saboda haka tun ba a san gada ba a ke shawarar wanda zai ƙetarar da mutane, da abin da za a biya shi, da wanda zai tsawata masa in ya zalunta.

A zamanin nan shawarar ta sake kama. Tun da Gwamnati ta shiga sayar da kamfanoninta da ba da hayar ma'aikatunta, kamar yadda aka ba 'yan kasuwa hayar tashoshin jiragen ruwa na bakin teku a 2006, aka kuma sayar da kamfanonin rarraba wutar lantarki a 2013, mutane suka fara tambaya ko koguna da madatsun ruwa ma haka ya kamata a yi da su. Masu wannan ra'ayi suna cewa dukiyar Gwamnati ba ta da mai yi mata kuka. Ma'aikaci albashinsa na zuwa ƙarshen wata, ko magudana ta toshe ko ba ta toshe ba, amma ɗan kasuwa in ya yi sakaci aljihunsa ne zai gaya masa. Waɗanda ba su yarda ba kuwa suna cewa ɗan kasuwa ba ya ganin mutum sai ya ga kuɗinsa, in aka ba shi kogi zai sayar wa talaka ruwan da kakansa ya sha kyauta. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Sai dai dukansu sun haɗa abu biyu wuri guda waɗanda magabata suka raba, watau kogin kansa, da aikin da a ke yi bisa kogin.

Malaman fiƙihu sun daɗe da raba su. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya mutane tarayya cikin ruwa da makiyaya da wuta. Daga nan malamai suka fitar da hukunci cewa ruwan da ke gudana cikin kogi ba shi da mamallaki, ba kuwa mai ikon hana ɗan'uwansa sha ko shayar da dabba. Amma wanda ya ɗauki tulunsa ya gangara ya ɗebo, ya hauro da shi bisa kai har cikin gari, ruwan tulun nan ya zama nasa, in ya so ya sayar, gama wahalarsa a ke saye. Haka nan cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda a ke karantawa a zaurukan ƙasar nan, an kawo hukuncin waɗansu kwaruruka biyu na Madina, cewa mai gonar sama ya tsare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake wa na ƙasa da shi. Akwai kuma labarin rijiyar Ruma, wadda mai ita ke sayar wa mutanen Madina ruwanta, har Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya saye ta da dukiyarsa ya bar wa jama'a, gugansa bai fi na kowa ba. Mai karatu ya lura, Usmanu attajiri ne, da ribar fatauci ya sayi rijiyar. Ashe riba ba abin ƙi ba ce, wurin da aka ɗora ta shi ne abin dubawa.

Al'adar ƙasar Kano ba ta yi nisa da wannan ba. Garuruwan bakin kogi suna da Sarkin Ruwa, wanda ya san gurbi da mashigi da inda kada ke kwana. Shi ke faɗin ranar da za a buɗe su, shi ke raba faɗan masunta, in mutum ya nutse shi a ke kira. Sarauta ba ta hana kowa kogi, amma tana karɓar rabonta daga masu sana'a bisansa, watau kuɗin rafi daga masu noman jigo, da kuɗin su daga masunta, da kuɗin fito a mashigai. Da Turawa suka ci Kano a 1903, daga baya aka kafa Baitulmali, sai aka tattara yawancin ƙananan kuɗaɗen nan cikin haraji guda, Hakimi na tarawa ta hannun dagatai, malamin haraji na rubuta rasit. Ba za a ce wancan zamani ba a yi zalunci ba. An yi, wani lokaci ma mai yawa, gama mai karɓa ba kullum ya ke kai abin da ya karɓa ba. Amma tsarin yana da abu guda na kirki: wanda aka cuta a mashigi da safe yana iya tsayawa gaban Dagaci kafin azahar, in bai gamsu ba ya kwana ƙofar Hakimi a Gaya. Mai riƙon ruwan mutum ne wanda aka san gidansa.

Wanda ya ke son ganin abin da ke faruwa in an miƙa wa mai neman riba kogi ɗungum, ba sai ya tafi wata ƙasa ba, Kogin Kwara ya ishe shi misali. A taron Balin na 1884 zuwa 1885 ƙasashen Turai suka amince cewa kowa na da ikon tuƙa jirginsa bisa Kwara. A 1886 Gwamnatin Ingila ta ba kamfanin Royal Niger, wanda George Goldie ya kafa, takardar izinin mulkin kogin da gaɓoɓinsa. Kamfanin bai fito fili ya ce ya hana kowa wucewa ba. Sai dai ya ɗora kuɗin lasin da kuɗin fito masu nauyi, waɗanda shi kansa in ya biya, aljihunsa na dama ne ya zuba wa na hagu, har ya zamana ba mai iya ciniki a kogin sai shi. Mutanen Nembe na bakin teku, waɗanda tun kakanninsu su ke hawan kogin da kwalekwale suna sayen manja, aka wayi gari an mai da su 'yan fasa ƙwauri bisa ruwan da aka haife su kansa. Da yunwa ta ishe su, cikin watan Janairu na 1895 Sarkinsu Koko ya kai wa tashar kamfanin ta Akasa hari, aka yi asarar rayuka, Turawa kuma suka rama da ƙone garin Nembe. A ƙarshe Gwamnatin Ingila ta karɓe izinin, ta biya kamfanin fam 865,000, ran 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutarsa a Lakwaja. Ba tausayin mutanen Nembe ne kaɗai ya kawo haka ba, rigimar iyaka da Faransa tana ciki. Amma an gane cewa mai ciniki bisa hanya, in aka damƙa masa makullin hanyar, abokan sana'arsa zai fara kullewa waje.

Abin da kamfani ya yi a Kwara, mutum ɗaya na iya yinsa a ɗan mashigin ƙauye. Cikin watan Agusta, sa'ad da kogi ya cika ya shafe mashigin ƙafa, in jirgi ɗaya ne a wurin, a kan ji tsohuwa da ƙunshin kayanta tana cewa, "Haba ɗan nan, shekaranjiya ba haka ka karɓa ba." Mai fito ya ce, "Iya, ruwan shekaranjiya daban, na yau daban. In kin ga da tsada, ga gada can Wudil." Shi ma ba ƙarya ya yi ba, gama ransa ya ke sawa cikin hatsari, jirgin kuma wataƙila da bashi ya saye shi. Amma ita ba ta da zaɓi, cinikin da ɗaya ba shi da zaɓi kuwa ba ya yin daidai sai da na uku a tsaye.

Tsadar ma ita ce ƙaramar masifa. Babbar ita ce lodi, domin duk mutum guda da aka ƙara cikin jirgi riba ce tsantsa, tun da ya ke man inji ɗaya ne, tafiya ɗaya ce. Ran 30 ga Nuwamba 2021, a yammacin wannan jiha, wani jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zai ƙetare tafkin madatsar Watari zuwa Bagwai, ya kife da mutanen da suka fi ƙarfinsa. Fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. Bayan abin ya auku ne hukuma ta dakatar da jiragen haya a wurin. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an umurci bawa ya ɗaure raƙuminsa. Da akwai mai iko tsaye a bakin ruwa sa'ad da a ke lodin, wanda zai ce ya isa a kuma ji maganarsa, da an sauke nauyin da ke wuyan mutane.

Akwai wata ɓarna kuma wadda ba ta da ƙara, don ba a ganin gawa. Masana'antun jima na Sharaɗa da Calawa sun yi shekara da shekaru ruwan magungunansu na bin rafuka yana zuba cikin Kogin Calawa, wannan ruwa ne kuwa ke biyowa ta Wudil. Tace shi kuɗi ne, sakinsa kyauta ne, manomin Ajingi kuma ba ya cikin littafin ribar kowane kamfani. Haka masuncin da ya zuba guba cikin gurbi don ya kwashe kifin wata guda a yini ɗaya, ya kashe har 'ya'yan kifin da za a kama baɗi.

Duk da haka ba adalci ba ne a manta da alherin masu neman na kansu. Dā manomin rani da jigo ya ke ban ruwa, ya yini yana ja yana zubawa bai shayar da abin da ya wuce ɗan fegi ba. Cikin shekarun 1980 hukumar raya aikin gona ta Jihar Kano, KNARDA, ta shiga sayar wa manoma ƙananan injunan ban ruwa da rangwame, daga baya shirin Fadama na 1993 ya ƙara yaɗa su tare da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi. Nan da nan fadamu suka yi kore da rani. Injin da manomi ya saya da kuɗin albasarsa ba ya kwana biyu a lalace, gama in ya tsaya da hantsi, kafin la'asar an ɗaure shi bayan babur an kai wa makanike a Gaya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Ba wani ofis da zai iya tafiyar da dubban injuna da ɗaruruwan jirage daga kan tebur, wanda ya gwada kuwa zai ƙare da sito cike da ƙarafa masu tsatsa.

To, Gwamnati fa? Babban aikinta bisa wannan kogi shi ne madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da farin nan ya halaka dabbobi a ƙasar Hausa. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, mai babban ofis a Kano, a 1992 kuma aka gama madatsar Calawa a ƙasar Ƙaraye. Amfanin waɗannan ayyuka ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya bi ta Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam ya ga shinkafa da alkama da tumatir cikin tsakiyar rani, ya san an yi aiki. Birnin Kano daga nan ya ke samun yawancin ruwan famfonsa. Kogin da dā ya kan koma yashi da 'yan gurabe da bazara, ya zama mai gudana shekara duka. Ba ɗan kasuwan da zai zuba dukiyarsa cikin aikin da sai jikokinsa za su ga ƙarshen ribarsa, irin wannan sai hukuma.

Amma na ƙasa da madatsa sun biya wani farashi wanda ba a rubuta cikin ƙiyasin aikin ba. Cikar damina, wadda ke shimfiɗa wa fadama sabuwar laka, kifi kuma ya hau ya yi ƙwai cikin ciyawa, ta ragu ƙwarai. Ruwan da ke tafiya a hankali rani da damina ya ba ciyawar nan da a ke kira kacala wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja da Nguru, ta hana jirage wucewa, ta cinye gonaki, ta zama makwancin tsuntsaye jan baki masu cinye gero da shinkafa. Masanan da suka auna al'amarin cikin shekarun 1990 sun tarar cewa ruwan da aka bari ya malala fadamun ƙasa ya fi kawo amfani, in an haɗa noma da su da kiwo da itace, bisa ga kwatankwacinsa da aka tsare don manyan gonakin sama. Wata shekara kuma abin ya kan juye. A ƙarshen daminar 2001 madatsun suka cika suka tumbatsa, ruwa ya ci gidaje da gonaki tun daga wajen Wudil har Ringim da Haɗeja. Hukuncin nan na Madina ya ce na sama ya tsare gwargwado ya saki, amma a nan na ƙasa bai san gwargwadon ba, bai kuwa san ranar sakin ba. In ya tafi wurin Dagaci, Dagaci ba shi da iko da madatsa. Hakimi ma haka. Ofishin yana birni, ma'aikatar da ke bisansa tana Abuja. Sai a 2006 jihohi 6 da ke shan wannan ruwa, watau Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Barno da Filato, suka taru a Damaturu suka kafa asusun haɗin gwiwa don gyaran kogin, shekara 32 bayan an rufe shi a Tiga.

Wani ciwon Gwamnati kuma shi ne son ranar buɗe aiki fiye da ranar gyara shi. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe Kwara daga Warri zuwa Baro. Cikin Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro, wurin da Turawa suka faro hanyar jirgin ƙasan da ta iso Kano a 1911. An buɗe tasha ba a gyara hanyar motar da za ta kai ta ba, shekaru suka shige ba a ga jiragen kaya na kai da kawowa ba. Da kuɗin mutum ɗaya ne aka kashe a wurin, da bai iya barci ba.

Mutanen Ingila sun ɗanɗana duka biyu. Can attajirai da kamfanoni ne suka haƙa hanyoyin ruwa da hannu don ɗaukar kaya. Wadda ta fara yin suna ita ce ta Bridgewater, da aka buɗe a 1761, ta sa kuɗin gawayin kwal ya faɗi da wajen rabi a birnin Mancasta. Wannan riba halal ce kamar ta mai tulu, gama su suka haƙa. Da jirgin ƙasa ya zo, sai kamfanoninsa suka saye da yawa daga cikin hanyoyin, suka bar waɗansu suka lalace don kada su yi takara da su. A 1948 Gwamnati ta karɓe su, ta riƙe fiye da shekara 60. A 2012 ta miƙa wajen mil 2,000 na Ingila da Wales ga wata ƙungiyar amintattu mai suna Canal & River Trust. Ƙungiyar tana karɓar kuɗin lasin daga masu jirage da kuɗin hayar filaye, amma ba ta da masu hannun jari da za su raba riba, abin da ya shigo wurin gyaran ruwan ya ke komawa, Gwamnati kuma tana ba ta gudummawa. Malamin zaure a Gaya in ya ji wannan labari zai ce ai waƙafi ke nan, an daɗe da saninsa.

Dokar Nijeriya ita ma ta san bambancin. Dokar ruwa mai lamba 101 ta 1993 ta sa ikon duk kogin da ya ratsa fiye da jiha ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya, amma ta bar wa kowa ya ɗebi na sha da na shayar da dabbobinsa ba da biyan kome ba. A 1997 aka kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, NIWA, mai babban ofis a Lakwaja. Cikin Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar da aka daɗe ana yi da Gwamnatin Jihar Ikko, ta ce ba da lasin da karɓar kuɗi bisa hanyoyin ruwan Tarayya na wannan hukuma ne. Shari'ar ta bayyana wace Gwamnati ce za ta karɓi kuɗi. Wanda zai tsaya a bakin mashigi ya ƙirga fasinja kuwa, wannan aiki ne da ya rage a yi.

Da ya ke an ga halin kowa, rabon aikin ba shi da wuyar ganewa. Gudun kogin, watau yawan ruwan da za a tsare da wanda za a saki da lokacin sakinsa, ba abin sayarwa ba ne, ba kuwa abin ba da haya ba. Kamfanin da aka ba makullin madatsa zai buɗe wa wanda ya fi biya, manomin Ajingi kuwa ba zai taɓa fin birni ko masana'anta biya ba. Wannan amana ce a wuyan Gwamnati, sai dai riƙon amana yana da sharaɗi. Ya kamata a tsara jadawalin sakin ruwa kowace shekara tare da wakilan garuruwan ƙasa, a aika wa hakimai da dagatai a rubuce, a faɗa a rediyo da masallatan Juma'a, don manomi ya san ranar da zai kwashe injinsa daga gaɓa.

Sana'o'in da ke bisa ruwa, fito da su da ban ruwa da ɗibar yashi da yanke kacala, a bar wa masu neman riba, gama sun fi ma'aikaci iya su. Amma kada a ba mutum ɗaya mashigi ya yi babakere, in kuwa dole sai an ba da haya, ta zama ta shekara ɗaya ko biyu, a sabunta wa wanda ya kyauta. A rubuta yawan mutanen da kowane jirgi zai ɗauka da fenti a jikinsa. A yanke kuɗin fito na rani da na damina a gaban Dagaci, da masu jirage da masu hawa duk suna zaune. A ba Sarkin Ruwa iko na doka da ɗan albashi, don maganarsa ta yi nauyi, a kuma tuhume shi in jirgi ya tashi da lodi ko ba rigunan ceto.

Sauran magana ta kuɗi ce, ita ce kuwa mai tsaida kome ko ta rushe shi. Duk kwabon da aka karɓa a bakin kogi, ko na lasin ne ko na motar yashi ko tara, a ba da rasit, a shigar da shi littafi na daban, kada ya narke cikin babban asusun ƙaramar hukuma. A kashe shi wurin gyaran mashigi da share hanyar ruwa da sayen rigunan ceto. Ƙarshen shekara a manna lissafin a ƙofar gidan Hakimi, abin da ya shigo a hagu, abin da ya fita a dama, kowa ya karanta. Talaka ba ya ƙin biyan abin da ya ga inda ya tafi.

Saboda haka duk wanda ya zo wa mutanen Gaya da Ajingi da sabon tsari na riƙon kogi, ko da rigar Gwamnati ya zo ko da ta kamfani, kafin a dubi takardunsa sai a tambaye shi: in ya yi ba daidai ba, wa za a kai wa ƙara, tafiyar kuma ta sa'a nawa ce? In ya amsa da sunan wanda talaka zai iya isa gabansa da ƙafa ya komo gida ya kwana, to, a saurari sauran bayaninsa. Su ma na nan su tuna su ne na sama ga waɗansu, gama ruwan da ya wuce gonakinsu yau, mutumin Ringim ne zai yi alwala da shi gobe, na Gashuwa kuma yana can yana jira.

Allah Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, Ya kiyaye matafiya bisa ruwa, Ya ba da damina mai albarka. Amin.